Rumfar Mai Tuwo ko Gidan Abinci Mai Gilashi: Ina Matafiyi Zai Ci a Hanyar Kano zuwa Zariya?

Tsakanin Kano da Zariya tafiyar kilomita 150 ce ko sama da haka kaɗan, ba wata doguwa ba. Sai dai mafi yawan masu bin hanyar ba Zariya za su sauka ba. Wani Kaduna ya nufa, wani Abuja, wani kuma tun jiya ya taso daga Legas ko Fatakwal yana fatan ya kwana a gida. Shi ya sa ƙananan garuruwan da ke bakin titin, irin su Kura da Kadawa da Ciromawa da Kwanar Dangora da Tashar Yari, suka zama wuraren da ake tsayawa a yi sallah, a miƙe ƙafa, a sa wani abu a ciki. A irin waɗannan garuruwa wurin cin abinci iri huɗu ne kusan ko'ina: rumfar mai tuwo da shinkafa, gidan abinci na zamani mai ƙofar gilashi, teburin mai shayi, da tukubar mai nama. Kowanne yana da lokacin da ya fi sauran, kuma yana da lokacin da ya kamata a ba shi baya.

Ra'ayina tun farko shi ne kyan wuri ba shi ne ma'auni ba. Abu biyu nake dubawa kafin komai: yawan ciniki, da zafin abincin da za a zubo min. Tayil da fanka da talabijin suna da nasu amfanin, zan zo kansu, amma ba su suke hana ciwon ciki ba.

Rumfar mai abinci kowa ya san fasalinta. Rufin kwano ne ko na buhu a kan ginshiƙai, da dogon benci biyu ko uku, da tebur da aka shimfiɗa wa leda. A bayanta akwai murhun itace da manyan tukwane, yarinya ɗaya na wanke-wanke, wata na gyaran kayan miya. Uwar rumfar tana zaune gaban kuloli da ludayi a hannu, ta san wanda ya biya da wanda bai biya ba ko da mutum ashirin ne a kan benci. Gaisuwar da tambayar tare suke fita:

"Sannu da aiki, Hajiya. Me ya sauka?"

"Shinkafa da wake yanzu aka sauke, Malam. Tuwo kuma na masara ne, ga kuka ga kuɓewa. Na nawa za a zuba?"

Wannan tambaya ta ƙarshe ita ce babbar falalar rumfa a wajen mai ƙaramin ƙarfi. Ba a yanka maka farashin faranti. Kai za ka faɗi abin da ke aljihunka, a zuba maka daidai shi, nama kuma da yanka ake lissafa shi, in ba ka so a bar shi. Idan ka cinye ba ka ƙoshi ba, ka miƙa kwano a ƙara maka na canjin da ya rage. Wanda ya saba zuwa har gyara ake yi masa, ko a ɗora masa ɗan ƙanzo in yana so. Ɗan dako da direban tirela da malamin makaranta duk benci ɗaya suke hawa, kowa ya ci gwargwadon halinsa.

Dalilin da ya sa na fi amincewa da rumfa mai ciniki, musamman daga hantsi zuwa bayan azahar, shi ne abincinta ba ya zama. Tukunya na sauka ana kwashewa, kafin ta huce an ɗora wata. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana nanata ƙa'ida biyu a kan dafaffen abinci: a riƙe shi da zafin da ya haura digiri 60 har lokacin ci, kuma kada a bar shi a sarari sama da awa 2. Mai rumfar da motoci ke layi a gabanta tana cika wannan ƙa'ida ko ba ta taɓa jin labarinta ba, domin cinikinta ne ke tilasta mata. Wadda ba ta da ciniki kuwa, shinkafar da ta sauke da hantsi ita ce a kula har la'asar.

Shinkafa ta fi kowane abinci buƙatar a kula da wannan, kuma mutane sun fi raina haɗarinta. Akwai wata ƙwayar cuta da ke zama a jikin ɗanyar shinkafa, dahuwa ba ta kashe irinta gaba ɗaya. Idan shinkafar ta huce ta zauna da ɗumi-ɗumi na sa'o'i, sai ƙwayar ta farfaɗo ta saki guba, gubar kuma ɗumamawa ba ta lalata ta. Shi ne za ka ga mutum ya ci shinkafa a hanya, ba wari ba tsami, amma kafin awa 6 amai ya kama shi a cikin mota. Saboda haka in an buɗe kula ban ga tururi ya taso ba, sai in koma kan tuwo. Tuwo ma ya kan huce, amma miyar kuka ko kuɓewa galibi a kan garwashi take, ana iya cewa a zubo daga tukunyar da ke wuta, kuma mai rumfa ba ta jin haushin wannan roƙo in an yi shi da ladabi.

Wani abin da rumfunan wannan hanya suka samu shi ne kayan girki a ƙofar gida. Kura gari ne na shinkafa, ana noma ta, ana turara ta, ana sussuka ta a injina birjik. Yankin Kadawa da Garun Malam kuma ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, ya mayar da shi wurin noman rani, kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan tana bakin titin nan. A lokacin sanyi zuwa farkon bazara, sa'ad da kwandunan tumatir da tattasai da attaruhu suka cika gefen hanya, jar miyar rumfa ta kan yi kauri da daɗi, domin kayan sun yi araha har mai girki ba ta jin ƙyashin zuba su. Da damina labari ya kan sauya. Tumatir ya yi tsada, a koma kan busasshe ko na leda, miyar ta tsinke, mai ya taso a sama. Wanda ya san wannan ya kan ci shinkafa da miya da rani, da damina kuma ya nemi tuwo da kuka ko taushe ko miyar ganye, ko ya ce a ba shi garau-garau da mai da yaji.

Amma rumfa tana da aibu, kuma ba ƙarami ba ne. Aibunta ruwa ne. Abincin ya fito daga wuta lafiya lau, sai a zuba shi a kwanon da aka ɗauraye a bahon da tun safe ba a sauya ruwansa ba. A ƙananan garuruwa ruwa saye ake yi a wajen 'yan garuwa, kowace jarka kuɗi ce, don haka mai rumfa tana tattalinsa. Haka ruwan wanke hannu: roba ɗaya a kan tebur, kowa ya tsoma, na goma yana wankewa da dattin mutum tara. Wannan ba ƙyanƙyami ba ne na ɗan birni. A 2021 hukumar daƙile cututtuka ta Nijeriya ta ƙirga mutum sama da 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara, fiye da 3,600 suka rasu, kuma Kano da Jigawa da Bauchi suna cikin jihohin da abin ya fi ƙamari. Kwalara da taifod da atini duk ta ruwa da hannu da ƙuda suke shiga. Don haka kafin ka zauna, leƙa wajen wanke-wanke. In ka ga baho biyu ko uku, na sabulu daban na ɗauraya daban, kwanuka a kife a kan kwando ba a ƙasa ba, to matar nan ta san aikinta. In baho ɗaya ne ruwan ya yi kalar miya, ka gaishe ta ka wuce gaba. Hannu kuma a wanke da buta, wani ya zuba maka ruwan yana gangarewa ƙasa. Ɗan guntun sabulu a aljihun mota ba ya cin wuri.

Sai ƙura da hayaƙin manyan motoci, waɗanda rumfar da ke dab da kwalta ba ta da yadda za ta yi da su. Wadda ta ɗan shiga ciki, ko da taku ashirin ne daga titi, ta fi. Akwai kuma tuwon da ake naɗewa da zafinsa a farar leda. Yana hana hannu taɓa shi, yana riƙe zafi, wannan gaskiya ne, amma ni na fi son wanda aka kwaso da mara aka sa a kwano, in akwai. Babban aibun da ba shi da magani shi ne rumfa ba ta da banɗaki, kuma benci ne na maza. Mace matafiyiya, balle mai goyo, da wuya ta sake ta zauna tsakanin direbobi ta ci tuwo da hannu. Yawanci sai dai a saya a kai mata cikin mota.

A nan ne gidan abinci mai gilashi ya shigo da ƙarfinsa. Ba kowane ƙaramin gari ke da shi ba, inda yake kuma sau da yawa a jikin gidan mai ne ko a sabon ginin shaguna. Akwai tebur da kujeru, fanka na juyawa in da wuta, wurin wanke hannu mai famfo da sabulu, firij na lemo. In an yi dace akwai banɗaki mai ƙofa da ɗan wurin sallah. Magidancin da ya ɗauko iyalinsa daga Kano zuwa biki a Kaduna, da mata biyu ko uku da yara da tsohuwa, wannan kaɗai ya isa ya yanke masa shawara. Yara su zauna ba a bakin titi ba, mata su yi alwala a tsare, tsohuwa ta sami kujera mai jingina. Ban ga laifin wanda ya biya ƙarin kuɗi domin wannan ba, mutuncin iyali da natsuwarsu abin saye ne.

Abincinsa ma daban ne: dafa-duka, soyayyiyar shinkafa mai karas da koren wake, soyayyiyar kaza, taliya, doya da ƙwai, wani lokaci sakwara ko teba da miyar agushi saboda matafiya 'yan kudu, da farfesun kayan ciki. Farashi a rubuce yake ko a yanke, ba ciniki, ba "na nawa". Kuɗin faranti ɗaya a nan ya kan ciyar da mutum biyu a rumfa, wani lokaci har da canji, domin kana biyan hayar shago da man janareta da albashin ma'aikata da robar da za a zuba maka in tafiya za ka yi da shi.

Inda nake taka-tsantsan da shi wuri uku ne, kuma dukkansu daga ƙarancin ciniki da ƙarancin wuta suke tasowa. Na farko abincin da ya daɗe da sauka. Gidan abinci irin wannan a babban birni yana sayar da tukunya bayan tukunya. A ƙaramin gari kuwa mutanen garin ba su cika shiga ba, sun bar wa baƙi masu motar kansu, su kuma ba kullum suke tsayawa ba. Sai a dafa shinkafa da safe a zuba a tire cikin akwatin gilashi, a kunna ƙwan lantarki a samanta. Ƙwan nan yana sa abinci ya yi kyau a ido, ya riƙe ɗan ɗumi, amma ɗumin da ke ƙasa da digiri 60 shi ne ainihin wanda ƙwayoyin cuta suka fi so. Ga shi in an ɗauke wuta ƙwan ya mutu gaba ɗaya.

Na biyu firiza. Rumfa ba ta ajiye nama, abin da ta saya a wajen mahauci da safe shi za ta dafa ya ƙare a ranar. Gidan abinci kuwa yana sayen kaji da kifi da yawa ya daskarar. Wannan tsari ne mai kyau in wuta na tsayawa. Tun da aka cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, kunna janareta dare da rana ya fi ƙarfin ƙaramin ɗan kasuwa, sai a kunna na 'yan awoyi a kashe. Kaza ta daskare, ta narke, ta sake daskarewa. Shi ya sa in na ga faifan sola a kan rufin gidan abinci hankalina ya fi kwanciya, domin alama ce mai wurin ya yi tunanin firizarsa.

Na uku haɗin salak, musamman na kabeji da karas da aka cakuɗa da bama. Ba ya ganin wuta ko kaɗan, an wanke ganyen da ruwan da ba ka gani ba, an haɗa shi tun safe. A birni ma abin lura ne, balle inda firij ke aiki rabin yini. Ina ba kowa shawara ya ce a cire masa shi a hanya, yara kuma kada a ba su sam. Ƙididdigar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2015 ta nuna mutum miliyan 600 ke rashin lafiya duk shekara saboda gurɓataccen abinci, 420,000 ke mutuwa, 125,000 daga cikinsu yara ne 'yan ƙasa da shekara 5. Abin da babba zai ci ya yi zawo na kwana ɗaya ya warke, shi zai kwantar da ƙaramin yaro a gadon asibiti ana ƙara masa ruwa.

Akwai kuma bambancin da ba a cika faɗa ba: a rumfa komai a gabanka yake, tukunya da baho da hannun mai girki, mai kyau da marar kyau. A gidan abinci kicin yana bayan bango. Tsaftar zauren ba ta ba ka labarin abin da ke ciki. Hanyar da ta rage ita ce ka duba banɗakinsu da wurin wanke hannu, domin wanda ya kula da waɗannan da wuya ya bar kicin a lalace. Sannan ka tambayi yarinyar da ke zuba abinci kai tsaye: "Ƙanwata, wanne ne bai daɗe da sauka ba?" Yawancinsu suna faɗin gaskiya. In duk sun kwana biyu a ido, ka ce a soya maka doya da ƙwai ko a dafa taliya, abin da za a yi yanzu saboda kai. Jiran minti goma sha biyar ya fi sauƙi a kan tsayar da mota a daji.

Mai shayi fa? Mutane da yawa ba sa lissafa shi cikin masu abinci, alhali ta fuskar lafiya shi ne ya fi kowa hujja. Ruwansa a kan wuta yake yana tafasa. Ƙwai a gabanka zai fasa, ya yanka albasa da attaruhu, ya kaɗa, ya juye a kasko. Indomie ma a gabanka za a yage leda a dafa. A abin da yake dafawa babu abin da ya kwana, babu abin da ya jira. Da asuba kafin rumfuna su hura wuta, da bayan isha'i sa'ad da abin da ya rage a kuloli ya zama saura, teburin mai shayi ne wurin da zan tura ɗan'uwana ba tare da fargaba ba. Abin dubawa a wajensa kaɗan ne: kofin da zai haɗa maka, ka ce ya ɗauraye shi da ruwan zafin butar, gwangwanin madarar ruwa da aka huda tun ɗazu, in ƙuda na bin sa ka zaɓi ta gari, da man kasko, in ya yi baƙi ka ce a sake. Burodi kuma ka matsa ka sansana, a ƙaramin gari ya kan yi kwanaki a kan tebur. Rauninsa shi ne ba abincin rana ba ne, shayi mai kauri da burodi suna tare yunwa amma sukarin da ke ciki ya yi wa mai ciwon suga yawa, sai dai ya ce ruwan bunu ba sukari da wainar ƙwai. Kuma nan ma majalisar maza ce, iyali sai dai a kai musu mota.

Tukubar mai nama ita ce ta fi jan ido da hanci, ita ce kuma ta fi cin kuɗi in ƙoshi ake nema. Tsire da balangu da gasasshiyar kaza marmari ne, sai an haɗa da gurasa ko waina ko burodi kafin su zama abinci. Lokacinta daga la'asar zuwa dare. Naman da aka gasa yau da wanda ya kwana aka sake shafa wa mai ba su ɓuya ga mai lura: na yau yana da laushi da ruwa-ruwa a ciki, na jiya gefensa ya bushe ya yi duhu. Ɗanɗanon da mai nama ke miƙo maka a bakin wuƙa haƙƙinka ne, ka karɓa ka tauna a hankali kafin ka ce a yanka. Duk wanda ka zaɓa, ka ce a mayar da shi kan wuta ya yi zafi sosai, ba a ɗan gifta shi ba. Ranar kasuwar gari ta fi kowace rana, domin an yi yanka da yawa kuma naman na tafiya. Albasa da tumatir da kabejin da ake yankawa a kai ɗanyu ne, da wuƙar da katakon da suka taɓa komai, ga hannun da ke karɓar kuɗi. Ni na kan ce a bar su, ko a ɗora albasar a wuta tare da naman. Takardar naɗi ma a duba, wasu da tsohuwar jarida suke yi, wasu da takardar buhun siminti, gara a shimfiɗa leda ko farar takarda tukuna. Yaji kuwa in ya yi warin daɗewa a bar shi, ƙuli-ƙulin da ke cikinsa daga gyaɗa yake, gyaɗar da ta yi fumfuna kuma tana ɗauke da gubar da ke lahanta hanta a hankali.

Abin sha ya cancanci a tsaya a kansa, domin sau da yawa abincin ba shi da laifi, abin da aka kora da shi ne. Zoɓo da kunun aya da kunun zaƙi da ake ƙullawa a leda ko a ɗura a tsofaffin robobin lemo, ba ka san ruwan da aka yi su da shi ba, ba ka san ƙanƙarar da aka jefa ba. Mutanen Kano ba su manta da 2021 ba, lokacin da wani sinadari da aka sayar da sunan ɗan tsami ya shiga kayan shaye-shaye, ɗaruruwa suka kwanta asibiti, aka rasa rayuka. Kunun aya ma ko an yi shi da tsafta ba ya jure zafin rana, 'yan awoyi kaɗan ya fara tsami. Fura da nono na fi yarda da ita in a gabana aka dama, kuma in ce kada a ƙara ruwa ko ƙanƙara, in sa nawa. Ruwan leda a duba lambar NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna, a guji wanda ya sha rana har ledar ta yi laushi. Mafi sauƙi dai mutum ya taso da ruwansa daga gida. A wannan fanni gidan abinci mai firij da ruwan roba a rufe ya fi rumfa nesa ba kusa ba.

To yaya baƙo zai gane rumfar kirki a garin da bai san kowa ba? Ya dubi inda manyan motoci suka yi layi. Amma a bambanta direban tirela da direban motar fasinja. Direban bas ko Sharon yana tsayawa inda ya saba, kuma sananniyar al'ada ce mai abinci ta ciyar da shi kyauta ko ta rage masa saboda ya kawo mata mota guda ta masu saye. Wannan ba ya nufin abincin ba shi da kyau, amma tsayawarsa ba shaida ba ce. Direban tirela da yaransa kuwa da kuɗinsu suke ci, hanyar nan suke bi mako bayan mako, kuma wanda ke da kwana biyu a gaba kafin ya kai Legas ba ya wasa da cikinsa. In rumfa ta taɓa ɓata wa ɗaya ciki, labari ya zaga tasha. Inda ka ga sun jera motoci sun zauna sun tuɓe hula suna ci, an gwada wurin an yarda da shi. Haka in ka ga mutanen garin kansu, 'yan acaba da masu shaguna, suna aiko yara da kwano. Fasinja kuma ba dole ne ya ci inda direba ya tsaya ba, in akwai wata rumfa taku kaɗan gaba da ta fi cika, ya gaya wa kwandasta ya je ya dawo.

Idan kai kaɗai ne ko ku maza ne, kuma tsakanin hantsi da ƙarfe uku na rana kuka iso, rumfa mai ciniki ta fi ta kowace fuska: araha, zafi, ƙoshi, da ɗanɗanon girkin itace. Idan da iyali ne, ku shiga mai gilashi saboda banɗaki da wurin zama, amma ku yi odar abin da za a dafa yanzu, ku bar salak. Wasu magidanta suna raba abin biyu, su zaunar da iyali a ciki su sayi ruwa da lemo da abin da ya sauka da zafi, maigida ya taka zuwa tukuba ya kawo nama. Masu wurin ba su cika hanawa ba in an yi ciniki a wajensu, amma ladabi ne a tambaya. Da damina, lokacin da kwalara ta fi yaɗuwa, na kan ƙara matsawa wajen mai shayi da duk abin da ke fitowa daga wuta zuwa hannuna, ko ƙosai ne ko waina daga tanda ko awara daga kasko. Marar lafiya da mai juna biyu da jariri da aka fara ba abinci, su gara a taso musu da nasu a kula daga gida, a ci kafin ya huce.

Wanda ke riƙe da sitiyari yana da ƙarin abin lura. Malmala uku ta tuwo da tsakar rana, ga zafi ga titi miƙaƙƙe, barci suke kawowa. In kai ne direba ka ci rabin abin da ka saba, ka sha shayi, ka ɗan zauna bayan sallah kafin ka tayar da mota. Batun biya kuma, gidan abinci yana da na'urar POS, masu shayi da masu nama da yawa yanzu suna karɓar tiransifa tun ƙarancin takardun naira na farkon 2023, amma sabis a ƙananan garuruwa yana yankewa, kuma dattijuwar rumfa ta fi son kuɗi a hannu. Ka riƙe ƙananan canji, kada ka ci tuwon mutane ka tsaya kana ɗaga waya sama kana neman sabis mota na jiranka.

Da azumi lissafin lokaci yana juyewa. Yawancin rumfuna ba sa hura wuta sai bayan azahar, don haka abincin da da can ya zama saura da magariba shi ne yanzu sabon sauka. Matafiyin da magariba ta riska a Kwanar Dangora ko Kura zai tarar da kunu da ƙosai da soyayyen dankali da doya suna fitowa daga wuta a kowace kusurwa, masallatan bakin hanya kuma da wuya a rasa dabino da ruwa a cikinsu. Cunkoson a lokacin yana da yawa, kwanuka na komawa baho da sauri fiye da kullum, don haka wanda ke da kofinsa da ƙaramar kularsa a mota ya miƙa a zuba masa a ciki. Tuwo da shinkafa sun fi kyau daga shan ruwa zuwa bayan tarawihi. Sahur kuwa na mai shayi ne, yawancinsu ba sa rufewa sai an kira assalatu, wasu rumfunan tasha ma suna ɗora tukunya ta biyu da tsakar dare saboda direbobi, sai a tambaya ko tuwon na daren ne ko ɗumame.